Na Je Kwatano Neman Wasiƙuna

Sabo, mijin ƙanwata Ladidi, shi ya cuce ni. Na sa sunansa a farko ne don kada wani ya ce na yi ɓoye-ɓoye. Ya ɗauki adireshin imel ɗina na sana'a, mai ɗauke da sunana da na ubana, ya riƙa tallar maganin maza da shi, ni ban sani ba. Ta haka na rasa matar da na shekara tara ina sayar mata da riɗi, ta haka kuma riɗin manoman Kwandere ya kwana a sitona har yau.

Kwana biyar ke nan da dawowata daga Kwatano, kuma ba a bar ni na huta ba. A masallaci, a wurin mai shayi, a bakin sito, tambaya ɗaya ce. Mai Riɗi, yaya ƙasar waje? Da gaske mata ke tuƙa babur? Ka ga teku? Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Ga waɗanda ba su san aikina ba, ni ba sayen riɗi nake yi ba. Manoma ke kawo mini amana. In sheƙe, in tankaɗe, in cire tsakuwa, in ɗura a buhu, in nemo mai saye da daraja, in ɗauki la'adata. Mai sayena ita ce Madam Odil ta Kwatano, wadda ke fitar da kaya ta jirgin ruwa. Ban taɓa ganin ta ba duk shekarun nan. Wakilinta, Alhaji Bawa, shi ke zuwa Lafiya da mota bayan kaka, ya soka hannu cikin buhu, ya tauna, mu yi ciniki. Bara Allah ya yi masa rasuwa. Sai aka aiko da saƙo cewa ba za a naɗa wani wakili ba. Duk mai kaya ya tura imel da hoton kayan da yawansu, in sun gani sun amsa sai su turo mota.

Ni waya na iya, kira da sauraron saƙon murya. Sabo kuwa yana da shagon kwamfuta a Bukan Sidi, inda ake buga takardu da rajistar jarabawa, har mutane na ce masa Injiniya. Shi ya buɗe mini adireshin. Ya ce, "Yaya, ka bar mini wannan, ai aikina ne." Ya kuma ce me zai sa mu tsaya kan Madam ita kaɗai, alhali yana da jerin adireshin masu sayen riɗi na duniya da ya saya a hannun wani. Mu tura wa kowa. Na ce ya tura.

Amsa ba ta zo ba. Kullum da safe sai na biya ta shagon. "Ya tafi?" Sai ya juyo mini da fuskar kwamfuta. "Ya tafi, Yaya, ga shi nan an rubuta." Ni kuma abin da na sani na kasuwa shi ne, in ka gai da babban mutum bai amsa ba, gobe ka koma. Ba ka fushi da mai saye. Don haka na ce masa kullum ya tura mata gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya. Na ce ya sa manyan baƙaƙe don ta gani ko ba tabarau, ya yi su ja, ya rubuta cewa abin gaggawa ne. Da na kira lambar ofishinsu, wata mata ce ke ɗauka tana Faransanci, kalma ɗaya nake tsinta a ciki, imel.

Wata huɗu muna haka. Da kaka masu bin ƙauye da mota sun zo sun taya riɗin nan, ni na hana manoma sayarwa, na ce su jira Madam. Ran nan Baba Audu, wanda ya fi kowa shekaru cikinsu, ya zo ya zauna a kan buhunsa. Ya ce, "Yakubu, gajimare ya fara haɗuwa. Da me za mu sayi taki?" Bai ƙara ba. Washegari na auni mudu biyu na riɗin da ya fi kyau, na ƙulle a leda, na sa a jaka, na ce zan je da ƙafata.

Daga tashar Lafiya na shiga ƙaramar mota zuwa Maraba, mu huɗu a baya, biyu a gaba. Bayan Akwanga taya ta fashe, direba ya ce safayarsa na wurin mai faci tun jiya. Muka zauna gefen titi sa'a biyu. Saboda haka na rasa babbar motar Legas ta safiyar ranar, na kwana wurin wani ɗan unguwarmu mai sayar da katako, da asuba na kama ta washegari.

Wadda muka zauna kujera ɗaya da ita wata 'yar Tibi ce mai sayar da lemu a kasuwar Lafiya, ana ce mata Mama Doshima. Za ta je ganin ɗiyarta da ta haihu a Legas. Ta dube ni ta dubi jakata ta ce, "Oga Mai Riɗi, wannan jaka naka akwai zinari ne? Tun tasha ka riƙe shi kamar jariri." Na ce riɗi ne. Ta ce, "Riɗi ka ɗauka zuwa ƙasar waje? Su can ba ya da miya ne?" Ta yi ta dariya. Ita ta ciyar da ni rabin hanya da lemu da gyaɗa, Allah ya saka mata.

Muna fita gari wani mutum ya miƙe a tsakiyar mota da jaka a wuya. Ya fara da addu'a, ya zarce da tallar magani. Basir, ciwon baya, sanyi, ƙarfin maza, duk kwalba ɗaya. Ba wanda ya kira shi, ba wanda ya tambaye shi. Ya yi magana har Abaji. Na ja hula na rufe fuska. Da ya zo kaina ya taɓa mini kafaɗa yana cewa "Alhaji, na you need am pass," wai ni na fi kowa buƙatarsa, na ce in ya sake taɓa ni zai sha kwalbar gaba ɗaya a gabana. Mama Doshima ta sayi biyu, ta ce na surukinta ne.

A Lokoja aka tsaya cin abinci. Soyayyen kifi da doya, kifin babba amma ba gishiri, doyar kuwa in a Lafiya ce ba mai ɗora ta a faranti. Daga nan sai duwatsun Okene, mota na lanƙwasa ana salati. Sauran hanyar barci ne da zafi da tsayawa. Mun shiga Legas bayan isha'i, na nemi Alaba Rago, wurin Garba, mutumin Lafiya mai sayar da doya. Ya ba ni benci tsakanin tulin doya, sauro ya yi abin da ya ga dama. Da safe muna shan koko ya riƙa tambaya ta mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya ambata sai in ce ya rasu, ko ya koma Abuja. A ƙarshe ya ce, "To wa ya rage?" Na ce ni da masu cuta ta. A lokacin wasa nake yi.

Hanyar boda ba ta da tsawo, amma shingen da ke kanta ya fi na hanyar Lafiya zuwa Legas gaba ɗaya. Kowane shinge da masu kaki irin nasa, kowa kuma sai ya buɗe ledata. Wani ya shinshina. Wani ya ce, "Na drug?" wai ko ƙwaya ce. Na ce ya tauna ya ji. Ya tauna, ya ce da daɗi, ya ɗebi cikin hannu ya zuba a aljihu. Na gaba ya soka biro har ƙasa yana neman abin da na ɓoye. Kafin mu kai Seme mudu biyu ya koma ɗaya da ɗan kai.

A bodar kanta takardar tafiyata ba ta da matsala, tun ta aikin da na taɓa yi da direbobin manyan motoci nake sabunta ta. Katin rigakafi ne ba ni da shi. Wani mai babur ya matso ya ce mini da Hausa zai bi da ni ta bayan gari, ba kati ba tambaya. Na ce masa ciniki na zo yi, ban zo sata ba. Aka kai ni wani ɗaki aka yi mini allura a dantse, aka ba ni kati mai ruwan ɗorawa. Hannun ya kumbura kafin azahar. Masu canji suka karɓi nairata mai cika aljihu suka ba ni 'yan takardun sefa da ba su kai kaurin katin ba.

To, masu tambaya, ga amsarku. Eh, mata na tuƙa babur, har da goyo, har da tsofaffi da kwando a baya. Masu acaɓa duk riga rawaya suke sawa mai lamba. Fetur a manyan kwalabe ake jera shi a bakin titi kamar manja. Wuta in ta nuna ja, tsayawa suke yi, ko ba ɗan sanda. Teku kuma na gan shi ta tagar mota. Ruwa ne.

Na ce wa mai acaɓa Zango, ya gyara mini ya ce Zongo, ya kai ni. Can na sami masauki wurin Malam Isufu, mutumin Gaya ta Nijar, wanda ya shekara talatin a garin. Hausarsa da tawa sai mun yi a hankali. Makaranta ya ce lakwal, ofis ya ce buro. Ya ce mini, "Ku 'yan Najeriya tun daga bakin ƙofa ake jin ku. Yi magana sannu, bangon nan ba kurma ba ne." Abincin safe burodi ne dogo kamar sanda, ɓawonsa na yanka dasashi, da kofi a cikin kwano kamar fura. Da rana agidi mai tsami da kifi da barkono. Na tambayi matarsa ko suna miyar riɗi, ta ce riɗi ai na jirgi ne, Turawa ke ci. Garin da riɗinmu ke bi ya fita duniya, ba su san a daka shi a zuba a tukunya ba.

Na isa ofishin Madam Odil ƙarfe sha biyu da rabi, na tarar an rufe. Mai gadi ya ɗaga mini yatsu uku. Ashe haka suke yi, kowa ya tafi gida ya ci abinci ya kwanta sai ƙarfe uku. A wurinmu wanda ya rufe shago da tsakar rana, ko ba shi da lafiya ko an yi masa rasuwa. Na zauna a gindin katanga da jakata a cinya, hannu na zafi, ina maimaita gaisuwar da Malam Isufu ya koya mini.

Wanda ya karɓe ni wani Bazabarme ne mai furfura, Mushe Hamidu, wato Malam Hamidu a Faransancinsu, shi ke kula da wasiƙun ofishin, kuma yana jin Hausa. Da na faɗi sunana sai ya ajiye biro. "Kai ne Yakubu na Lafiya? Marigayi Bawa yana yawan zancenka. Me ya hana ka turo mana bana? Mun jira ka."

Na ce wata huɗu kullum sai na turo.

Ya juya ga kwamfutarsa ya buga sunana. Ba komai. Ya ce bari ya duba wani wuri. Ya ce kowane akwatin imel yana da kwandon shara a bayansa, sifam suke ce masa. Akwai mai gadi a ƙofar akwatin, ba mutum ba ne, na'ura ce, ita ke duba kowace wasiƙa ta ce wannan ta shiga, wannan a jefa kwando. Abin da ya yi wata a kwandon kuma sharewa ake yi. Ya danna, ya ce in matso.

Ga sunana nan, Yakubu Dalhatu, daga sama har ƙasa. Jajayen manyan baƙaƙen da na ce a sa, ga su a jere, kowace safiya ɗaya. Ba a buɗe ko guda ba. Amma ba su kaɗai ba ne. Tsakaninsu akwai wasu da ban sani ba, su ma da sunana. Na ce ya buɗe. Ta farko filaye ne na sayarwa a Azuba. Ta biyu makaranta ce ke neman ɗalibai. Ta uku ya buɗe ya rufe da sauri, amma na riga na gani. Kwalba ce, da hoton wani ƙato ba riga, da mace a gefensa. A ƙasa an sa lambar waya. Lambar shagon Sabo ce, na san ta kamar tawa.

Mushe Hamidu ya ce, "Kana sayar da wannan ma?"

Na kau da ido daga kwamfutar. Na girgiza kai kawai.

Ya shiga ciki ya daɗe, sannan ya fito ya ce Madam za ta gan ni. Dattijuwa ce, ta kai sittin, da ɗankwali da ƙaramin gicciye a wuya. Na yi gaisuwar da na haddace, ta amsa ba ta yi murmushi ba. Tana magana yana fassarawa.

"Ta ce wasiƙarka ta farko ta same ta. Ta ga hoton riɗin, ta sa a ranta za ta amsa in ta gama da na Barkina. Bayan kwana biyu sai ga wata daga gare ka. Ta buɗe a gaban ɗiyarta."

Na ce wacce.

"Ta kwalbar."

Madam ta ɗaga yatsa ta nuna yadda ta danna. Ya ce, "Ta ce da hannunta ta tura ka kwando. Ta ɗauka ko ɓarayi sun sace sunanka, ko kuma da Bawa ya mutu ka daina ganin girmanta. Ko wanne ne, ba ta son ta sake gani. Tun daga ranar mai gadin bai ƙara barin taka ta shigo ba."

Na yi rantsuwa, na yi bayani, na faɗi sunan Sabo da yadda muke. Ta saurara har na gama. Ta ce ta yarda. Sai na kwance ledata na ajiye a teburinta, abin da masu kaki suka rage. Ta zuba a tafin hannu, ta hura, ta tauna kamar yadda Alhaji Bawa ke yi. Ta ce wani abu gajere.

"Ta ce ya fi wanda ta saya kyau."

Da ta ce ba shi da kyau da na fi samun sauƙi. Na tambaya ko za ta ɗauki ko rabi. Ta ce jirginta na bana ya tashi, kuma da ta fid da rai da Lafiya ta ƙulla da wasu mutane har na baɗi. Ta ce in Allah ya kai mu bayan nan, in rubuto. Ta miƙo mini ledata, ta tashi tsaye, na gane an gama.

Mushe Hamidu bai bar ni na tafi haka ba. Ya zaunar da ni, ya sa aka kawo ruwa, ya ce zai gaya mini gaskiya ko ba daɗi. Ya ce ko da ba kwalbar nan, hanyar da muka bi ta kwando ce. Ya tambaye ni mutum nawa muka tura wa. Na ce Sabo ya ce dubbai. Ya ce su wa suka ce ka turo musu? Na ce ba kowa. Ya ce jerin da ake saya, da yawa adireshin matattu ne, wasiƙa ta je ta dawo, mai gadi na lura. Sauran kuma ba su san ka ba, sai su danna abin da Madam ta danna, kuma masu gadin nan suna gaya wa juna. Wanda aka kora a gida goma, gida na sha ɗaya ba zai buɗe masa ba.

Sannan ya nuna jajayen baƙaƙen. "Wannan fa, wa ya ce a yi?"

Na ce ni ne. Na ce don ta gani ne.

Ya ce manyan baƙaƙe a wasiƙa ihu ne. Gaggawa, gaggawa, da "abokina na ƙwarai" ga wanda ba ka taɓa gani ba, haka 'yan damfara ke buɗe tasu, kuma na'urar ta haddace su. Ya ce gaisuwar kullum kuwa ita ta ƙarasa ni. Duk wasiƙar da aka tura ba a buɗe ba, ana rubuta ta a kan mai turawa.

Na ce a wurinmu ladabi ne. In ba a amsa maka ba ka koma.

Ya ce, "A wurinmu ma. Amma ita ba ta san ladabi ba. Naci take gani."

Sai na tuna mai maganin cikin mota, da yadda na ja hula na rufe fuska. Ashe wata huɗu ni ne shi, a gidajen mutanen da ban sani ba. Wannan kam laifina ne, ba zan ɗora wa Sabo ba.

Na tambaye shi ko ana wanke adireshi. Ya ce wani lokaci yana warkewa in an daɗe ana yin daidai, amma nawa ya yi nisa. Ya ɗauki takarda ya rubuta mini da Hausa. Kada in tura wa wanda bai nema ba. In fara da mutum biyu ko uku da suka san ni, in roƙe su su ajiye adireshina cikin na mutanensu, su kuma amsa ko da kalma ɗaya ce. In rubuta gajere da ƙananan baƙaƙe, kamar ina magana da mutum a zaune: ga riɗi, ga yawansa, ga inda yake. In bar wa mutum hanyar cewa ya isa, in ya ce kuma in daina. Akwai wani hatimi da masu sani ke ɗaura wa adireshin kamfani don a tabbatar daga gidansa wasiƙa ta fito, ya ce in nemi mai amana ya yi mini. Na ƙarshe ya ja masa layi biyu: mabuɗin adireshina kada ya kwana a hannun kowa.

Ya ninke takardar ya ba ni ya ce, "Wancan ka bar shi. Ka buɗe sabo."

Na yi dariya har mai gadi ya leƙo. Na tuna masa sunan mutumin ke nan.

Takardar tana aljihuna yanzu. Duk abin da ke ciki gaskiya ne, na sani. Amma magani ne na wanda ke da shekara biyu a hannu, ni kuwa ruwa ya kusa sauka kuma shekarata hamsin da uku. Ragowar riɗin na bar wa matar Malam Isufu, na gaya mata yadda ake soya shi a daka a yi miya. Ban sani ba ko ta yi.

Dawowa ba abin faɗi. Ba leda, don haka masu kaki ba su sami abin buɗewa ba. Kwana biyu ina kallon taga ina shirya abin da zan gaya wa Baba Audu, ban sami jimla ɗaya mai tsayawa ba. Mun shiga Lafiya bayan la'asar. Ban je gida ba, na hau acaɓa zuwa Bukan Sidi da jakata.

Shagon cike yake, mata biyu na jiran a buga musu takarda, wani malamin makaranta na zaune a benci. Sabo ya miƙe da fara'a. "Yaya, sannu da hanya. An dace?"

Na ce ya buɗe adireshina ya nuna mini duk abin da ya fita daga ciki, ba wanda yake nuna mini da safe kaɗai ba.

Ya ce wuta ba ta da ƙarfi. Na ce ga janareta na ji yana aiki. Ya ce mu shiga ciki mu yi magana. Na ce a nan. Ya buɗe. Ban iya karanta Turanci sosai ba, amma kwalba ba ta buƙatar karatu. Malamin makarantar ya leƙa ya kau da kai.

Sabo ya rage murya. "Yaya, wallahi ba da mugunta ba ne. Masu tallar nan su ke kawo aiki. Nawa adireshin ne aka toshe tun bara, duk abin da na tura ba ya shiga. Naka kuwa lokacin bai da tabo, yana wucewa. Na ce in ɗan yi amfani da shi kafin Madam ta amsa. Ban zaci tana cikin jerin ba."

A hanya na yi ta gaya wa kaina wataƙila jahilci ne, wataƙila shi ma bai san akwai kwandon ba. Da haka ne da na haɗiye. Ashe ya sani tun kafin ni. Ya san abin da ya kashe nasa, ya ɗauki nawa ya bi da shi hanya ɗaya, kuma kullum da safe ya dubi idona.

Ya fara ba da haƙuri, yana cewa zai buɗe mini wani kyauta, zai nemo wasu masu saye. Na ɗaga masa hannun da ba ya ciwo.

Na ce, "Sabo, ba zan kai ka wurin hukuma ba, don 'ya'yan Ladidi ne za su sha kunyar. Haƙurinka kuma ka riƙe, ba ya zama taki. Asabar mai zuwa Baba Audu da mutanensa za su zo su kwashe riɗinsu, kowa ya kai wa wanda zai saya yadda ya ga dama. Ni na ce su jira, kuma nawa laifin zan faɗa musu da bakina. Naka kai za ka faɗa. Za ka buga tallar nan a takarda, da hotonta, ka zo ka tsaya gabansu ka karanta musu da Hausa abin da ka aika wa dattijuwar nan da sunan ubana. In ka gama ka cire wannan farar rigar ka taya su ɗora buhu a mota. In ba ka zo ba, zan kawo su nan su zauna a bencin nan har ka fito. Ƙarfe bakwai nake buɗe sito."